Ajiyar Inna a Wuyana

Baturen kwastan ya sa ɗan yatsa ya ɗaga layar da ke wuyana, ya ce mene ne wannan. Na ce laya ce. Ya kira ɗan'uwansa, suka dube ta, suka dube ni, suka yi 'yar dariyarsu, sannan ya ce in wuce. Na ce a raina ku yi ta dariya, ba ku san abin da kuka bari ya shiga ƙasarku ba. Babu aya a cikin fatar nan, babu saiwa. 'Yar kwalbar allura ce cike da ruwan fomalin, wanda ke hana nama ruɓa, a cikin ruwan kuma akwai tsoka da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, wadda aka kankaro daga cikin mahaifar uwata.

Sunana Lawal, ɗan Ƙofar Guga ne ni a birnin Katsina. Shekara shida na yi ina duba jini da fitsari a ɗakin gwaji na asibiti, kafin kuɗin mai su zubo, gwamnati ta rasa inda za ta kai su, ta shiga kwasar ma'aikata tana turawa ƙasashen waje. Ni aka ce in je Ingila shekara biyu in koyo yadda ake yanka nama a rina shi a gane ciwon da ke ciki. Duk garinmu a lokacin babu mai wannan aiki.

Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta faɗar sunana, ba ta kuma kallon idona. In tana da magana sai ta fuskanci bango ta ce, "A faɗa ma wancan." Shi ya sa kowa ya san ba ta da lafiya ban da ni. Sista Ladi ce ta tare ni, wata nas 'yar Kagoro da ke haya kusa da gidanmu, wadda Inna ta ɗauka tamkar ƙanwa.

Ta ce, "Malam Lawal, Inna fa jini ya dawo mata, bayan shekara takwas da ɗaukewarsa. Wata biyar ke nan tana sake alwala kowace salla. An ce mata jinin ciwo ne, ba ya hana salla. To, bai hana salla ba, amma yana iya kai mutum kabari."

Da ƙyar Sista Ladi ta kai ta aka yi mata wankin ciki, aka aika abin da aka kankaro wani babban asibiti a kudu. Shiru, shiru, daga baya aka ce kwalbar ta ɓata a hanya. Likitanmu ya ce shi ba zai cire wa mace mahaifa a kan zato ba, sai an sake kankarowa an duba. Inna ta ce ba da ita ba. Ba zafin ne ya dame ta ba. Tambayarta ɗaya ce: ina aka kai namanta? Matar da ko farce ta yanke sai ta tona gindin bango ta rufe shi, wadda ta binne mabiyiyar kowannenmu a bayan ɗakinta, ita za a ce wa wani yanki nata ya ɓata a tashar mota.

Ana saura kwana uku in tashi ta yarda, aka sake kankarowa. Ta juya mini baya ta ce, "A faɗa ma wancan, aro na ba shi. In sun gama dubawa ya maido mani abuna in rufe shi. Ba ni son ranar tashi a ce wani ɓangare nawa shina can bangon duniya cikin shara." Na ce na ɗauka. Na kai kwalbar wajen baduku ya ɗinke ta a fata, don na san hannun da ya ɓatar da ta farko yana nan.

Ban ko fita daga filin jirgin Landan ba aka yi mini maraba irin ta ɓarayi. Wani baƙin mutum cikin kwat ya tare ni da Hausa, har da "Ya mutanen Katsina?" Ya ce daga ofishin kula da ɗalibai yake, in ba shi akwatina ya kai mota, ni kuma in jira shi. Daɗin jin Hausa ya ɗebe mini hankali. Har yau ina jiransa. Ya tafi da rigunana, da bargon saƙi, da kilishi da yajin da ƙannena suka ɗaka. Na tsaya ina rawar ɗari cikin 'yar shara, na kai hannu wuyana na ji layar tana nan. Na ce to, ɓarawo, ka ɗauki ƙaiƙayi.

Kwana biyu na yi a Landan kafin in gano ofishin na gaskiya, suka sa ni a jirgin ƙasa zuwa wani gari mai hayaƙi can arewa. Ƙofa huɗu na ƙwanƙwasa ina neman ɗaki, duk da takardar haya a manne a taga, amma da sun ga fuskata sai ɗakin ya zama an kama shi yanzun nan. Ta biyar wata bazawara ce mai karnuka biyu, ta ba ni ɗakin da ke ƙarƙashin rufi, inda in na miƙe sai kaina ya bugi katako. Rana ba ta fitowa balle in san azahar daga la'asar. Tsoron naman alade ya sa na zauna a kan dafaffen ƙwai da dankali har na tsani kaza. Wallahi akwai ranar da na tuna furar da ake damawa a gindin hasumiyar Gobarau sai ga hawaye, ƙato da ni.

A asibitin, shugaban sashenmu wani dogon likita ne da ba ya raba bakinsa da lofen shan taba, ni Mai Lofe nake ce masa. Ranar farko na kwance layar na nuna masa, na yi masa bayani. Ko karɓa bai yi ba. Ya ce nan ba kasuwa ba ce, duk naman da ba shi da lambar asibiti ba ya hawa teburinsa. Ya sa aka kai ni wajen wankin kwalabe. Ni da na shekara shida a kan madubin likita, aka ba ni soso da sabulu. Na ce ba komai, in dai a gidan nan ake aikin, ko share-share kuka ba ni sai na sace shi da ido.

Akwai wata tsohuwar ma'aikaciya, Edna, gajera mai furfura, ita ke kula da injin yanka. Mako biyu tana kallona ina leƙen hannunta. Ran nan ta ce, "Kai, in za ka tsaya a kaina kamar sanda, gara ka zauna." Ta nuna mini yadda ake tsane nama daga ruwa, a zuba masa narkakken kaki irin na kyandir ya daskare ya zama ɗan dunƙule, a ɗaura a inji a riƙa shaftaro shi sirara fiye da fatar albasa, a ɗora a gilashi a rina shi da shuɗi da ruwan hoda. Daga ranar na koma kiranta Gwaggo Edna. Ta tambayi ma'anarsa, na ce ƙanwar uba, ta ce ta karɓa tunda ba a biya.

Ita ta fara koya mini karatun shimfiɗar mahaifa. Ta ce sai ka san lafiyayye kafin ka san mai ciwo. A lafiyayye za ka ga 'yan ramuka zagayayyu, kowane da fili tsakaninsa da ɗan'uwansa, ƙwayoyin da ke bakinsu a jere kamar sahun salla. In shimfiɗar ta yi kauri fiye da kima, ramukan sukan yi yawa su matsu, amma da sauran fili, wannan gargaɗi ne. In kuwa ciwon daji ne, filin ya ƙare, sahun ya watse, ƙwayoyin sun kumbura sun hau kan juna.

Na ga dama ta samu, na ce ina da naman da zan gwada hannuna a kai. Ta ce kawo. Da hannuna na farke ɗinkin baduku, na bi duk matakan nan, na ɗaura dunƙulen a inji. To, kafin aska ta kai inda ake so, akwai ɓarɓashin kaki da ke zubowa, kowa shara yake tura shi. Ni sai na sa ambulan ina tarewa, har wanda ya maƙale a aska ina kakkaɓowa da gashin buroshi.

Gwaggo Edna ta ce, "Me kake yi haka?"

Na ce, "Akwai nama a cikinsa."

"Ai ba ido da zai gan shi."

Na ce, "Mai shi ta ce in mayar mata da abinta. Ba ta ce in mayar da wanda ido ke gani ba."

Sai na ba ta labarin duka. Ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo, ta tsinto wani ɗan zare na kaki da ya faɗa ƙarƙashin tebur, ta sa mini a ambulan.

Gilashi uku na yi. Na ɗora na farko a madubi, na murɗa har ya washe. Ni da ban taɓa kallon idon Inna ba, ga ni ina kallon cikin cikinta. Ramukan sun haɗe bango ɗaya irin gidajen cikin birni, babu ko lungun da akuya za ta bi. Ban buƙaci kowa ya faɗa mini ba. Na ɗago kaina na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Amma ganina ba ya cire mahaifa a Nijeriya, sai da sa hannun babban likita. Gwaggo Edna ta buɗe littafin asibiti ta ba naman lamba, ta cusa gilasan cikin aikin ranar, suka hau teburin Mai Lofe. Alheri ta yi mini, ba ta san ta ɗaura mini igiya ba.

Washegari aka ce yana kirana. Na same shi da ƙananan likitoci huɗu suna layi a kan madubinsa, fuskarsa kamar an yi masa albishir. Ya ce ciwon daji ne na shimfiɗar mahaifa, amma irin mai tafiyar hawainiya, in an cire mahaifar da wuri tana iya tsira. Na ce alhamdulillahi. Ya ce kuma abin sha'awa ne, don shi a saninsa wannan ba ciwon baƙar mace ba ne, bai taɓa ganinsa daga Afirka ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ku gani ba ne don ba wanda ya duba. Matan suna can suna sake alwala."

Bai kula ni ba. Ya turo takardu biyu gabana. Ɗaya sakamakon ne, an buga shi, saura sa hannunsa. Ɗayar kuwa ni zan sa hannu a madadin Inna, cewa mun bar dunƙulen da gilasan a ma'ajiyar koyar da ɗalibai har abada. Ya ce, "Sa naka nan, in sa nawa nan."

Na ce ba zan iya ba, aro aka ba ni, za a binne shi.

Ƙananan likitocin suka ƙyalƙyale. Ya cire lofen ya ce, "Binnewa? Wannan zai koyar da ɗaruruwan likitoci, kai kana maganar camfi. Kuma ma alfarma nake maka. Duk abin da ya shiga kakinmu ya ɗauki lambarmu, na asibiti ne. Ka je ka yi tunani zuwa la'asar."

Na fito. Ba zan ce maganarsa ba ta da kai ba, da namana ne da na bar masa har da ƙari. Gwaggo Edna ta ce, "Ɗana, sa hannun nan. Takardar ce za ta ceci uwarka. In ka koma ka ba ta ɓarɓashin ambulan, ina za ta sani?" Shaiɗan ma abin da yake raɗa mini ke nan. Amma na hango Inna ta juya baya tana jiran in ce ga shi, ni kuma in buɗe baki in yi mata ƙarya a kan naman jikinta. Mace ta danne kunyar shekara talatin ta damƙa wa ɗan farinta abin da ko mijinta ba ta nuna wa ba. Na ce, "Gwaggo, ba ni aron murhun narka kaki."

Mu Katsinawa ana yi mana kirari da kunya, an ce ba dai tsoro ba. Ranar na ajiye kunyar ma. Na ɗora dunƙulen a wuta ya narke, na sa hantsaki na ɗauke tsokar na naɗe a takarda, na juye kakin a ɗan faranti, na kankare lambar na ɗora a kai. Ban jira la'asar ba. Na shiga ofishinsa ba sallama, na dire farantin a kan takardunsa.

Na ce, "Ga kakinku, ga lambarku. Abin da ya rage na uwata ne. Gilasan ma ku faɗi abin da za a biya, amma abin da ke kansu da shi zan tafi. In hoto kake so ka ɗauka, hoto ba nama ba ne."

Fuskarsa ta yi ja har kunne. Ya ce na san na kori kaina? Na ce na sani. Ya ce to me zai sa ya sa hannu a sakamakon? Na dafa tebur.

Na ce, "Saboda ka gani. Kai ka ce a gaban yaranka in an cire da wuri za ta rayu. In ka iya ganin ciwo ka yi shiru, to rufe takardar, ni kuma in je in faɗa a gida cewa haka likitan Ingila yake."

Ya daɗe yana kallona. Ni ma ban sunkuyar da kai ba. Can ya jawo alƙalami ya rattaba hannu, ya ce abin da ya gani shi zai rubuta ko da wa ya kawo shi. Ya sa aka ɗauki hoton gilasan, ya turo mini su. Sannan a gabana ya jawo wata farar takarda ya fara rubuta wa masu biya mini karatu cewa ba ni da ɗa'a, ba na bin doka, ba ya buƙatata. Ban ce ya yi haƙuri ba, har gobe kuma ban yi nadama ba.

Ranar na aika sakamakon ta jirgin sama. Takardar korata kuwa sai da ta yi wata huɗu tana yawo tsakanin ofisoshi. Wata huɗun nan a wajen wankin kwalabe na yi su, amma duk lokacin da Mai Lofe ya tafi cin abinci, Gwaggo Edna na jawo ni gaban inji. Abin da na ci abinci da shi har na yi ritaya, a waɗannan sa'o'in na koye shi. A ciki wasiƙar Sista Ladi ta zo: an kai Inna Zariya an cire mahaifar, ciwon bai ratsa bango ba, kuma ita da kanta ta tsaya sai da aka ba su abin da aka cire suka kawo gida. Ranar da zan tafi Gwaggo Edna ta ba ni kwat ɗin marigayi mijinta, ta ce in gaida mata Inna, in ce wata tsohuwa ta taya ta tsintar abinta.

Na iso Ƙofar Guga babu akwati, babu satifiket, sai kwat ɗin mamaci. Labari ya riga ni. Bayan an gama gaishe-gaishe, Kawu Isa, yayan Inna, ya zauna a tsakar gida ya buɗe mini wuta. Ya ce ɗan wane ya dawo da digiri, ɗan wane ya dawo da mota, ni kuwa an kai ni bakin kogi na dawo da ƙishirwa, saboda tsokar da ko mage ba za ta tsaya ta shinshina ba. Na sunkuyar da kai, kawu ne.

Inna na zaune a ƙofar ɗakinta, ta rame amma idonta garau, tana fuskantar bango. Ta ce, "A tambayi wancan, ina arona?"

Na kwance layar, wadda na mayar da tsokar cikinta, na ajiye a gefen tabarmarta. Ta warware takardar ta ga tsokar ta ƙanƙance ta yi tauri. Ta ce, "Ta ragu." Na ajiye gilasai uku, na ce ga wanda aka duba. Na ajiye ambulan, na ce ga wanda ya zuba wajen yanka. Ta leƙa ciki, ta daɗe tana kallon ɓarɓashin. Sannan ta dafa kafaɗar Sista Ladi ta miƙe, suka zaga bayan ɗaki da 'yar fartanya, muna jin ƙarar tonon.

Da ta dawo Kawu bai gaji ba, ya ce to yanzu an binne, sai a ci me? Inna ta kakkaɓe ƙasar hannunta. Matar da ko a gaban ungozoma ba ta taɓa nuna ni ta ce nata ne ba, ta juyo ta dubi yayanta.

Ta ce, "Yaya, ka bar shi haka nan. Kowa ya aika ɗansa ya dawo mashi da takarda. Ni nawa da ni ya dawo."